Kafin Ranar Zaɓe: Auna 'Yan Takara da Binciken Intanet

Darasi domin nazarin iyali

Manufar Darasi: Mu fahimci yadda injin bincike na intanet yake zaɓo mana amsoshi, mu san inda yake taimako da inda yake kasawa, domin iyali su iya kwatanta 'yan takara bisa ga abin da aka tabbatar.

Gabatarwa

A 1999, sa'ad da ƙasarmu ta koma mulkin farar hula, wanda yake so ya san halin ɗan takara sai ya saurari rediyo, ko ya sayi jarida, ko ya je filin yaƙin neman zaɓe, ko kuwa ya tambayi mutanen garinsu. Wayar hannu ta GSM ba ta shigo ba sai 2001. Yau kuwa, a gidaje da yawa, idan gardama ta tashi a kan wane da wane, akan ce wa yaro, "Duba mana a waya." Yaron ya rubuta suna a Google, ya karanta abin da ya fara fitowa, shi ke nan an yanke magana.

Wannan sauƙi abin godiya ne. Amma ƙuri'ar da muka jefa cikin minti ɗaya takan ɗaure mu shekara huɗu. Tana taɓa albashin malaman makaranta, da maganin da za a samu a asibiti, da takin manoma, da hanyar da za a bi da amfanin gona zuwa kasuwa, da tsaron ƙauyukanmu. Saboda haka ya dace mu tambaya, wane ne ya jera amsoshin nan da muke karantawa, da wane ma'auni kuma ya jera su?

1. Yadda Injin Bincike Yake Aiki

Injin bincike ba ya zuwa ko'ina ya gani da ido. Aikinsa kamar na ma'aikacin ɗakin karatu ne, wanda ya tattara takardun da mutane suka rubuta suka ajiye a intanet. Idan ka kawo masa kalma, sai ya miƙo maka waɗanda yake ganin sun fi dacewa da ita. Google, wanda ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka kafa a 1998, ya yi fice ne saboda wata dabara. Yana ƙirga yawan shafukan da suke nuni zuwa ga wani shafi, ya duba nauyin su shafukan, sa'an nan ya ɗaga wanda aka fi nunawa zuwa sama. Daga baya an ƙara ma'aunai masu yawa, kamar kalmomin da mutum ya rubuta, da harshensa, da wurin da yake, da sabuntar labari, da sunan da shafi ya yi wajen aminci. Kamfanin yana ƙoƙarin ɗaga shafuka masu aminci, amma babu ma'aikacinsa da ya je ya duba ko rijiyar burtsatsen da aka ce ɗan majalisa ya haƙa tana ba da ruwa.

Mu kuma tuna cewa kamfanin kasuwanci ne, mafi yawan kuɗin shigarsa kuwa daga talla yake fitowa. Wasu amsoshin da suke zama a can sama biyan kuɗi aka yi aka ajiye su. Akan sa musu alama da kalmar Turanci "Sponsored", wato wani ne ya ɗauki nauyinsu. Wanda bai lura da alamar ba zai karanta talla yana tsammani labari ne.

2. Hanyoyi Biyar da Bincike Yake Iya Karkatar da Mu

Ta fari, jerin amsoshin kansa. Yawancinmu mukan tsaya a kan amsoshin farko, muna ɗauka cewa na sama shi ne mafi gaskiya. A 2015 masu bincike biyu, Robert Epstein da Ronald Robertson, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutane fiye da 4,500 a Amurka da Indiya. Sun shirya injin bincike na gwaji wanda yake ɗaga shafukan da suke yabon ɗan takara ɗaya. Suka tarar cewa canza jeri kaɗai yana iya juya ra'ayin kashi 20 cikin ɗari ko fiye na waɗanda ba su riga sun tsai da shawara ba, yawancinsu kuma ba su gane an karkatar da su ba. Gwaji ne, ba zaɓe na ainihi ba, amma ya nuna ƙarfin da wurin sama yake da shi a zuciyar mai karatu. Mutanen waje ma suna iya wasa da jerin. Tun daga 2003, wasu masu adawa da shugaban Amurka na lokacin, George W. Bush, sun haɗa kai suka riƙa nuni zuwa ga shafin tarihinsa da wasu kalmomin zagi biyu, har ya zama duk wanda ya nemi kalmomin, shafin shugaban ne yake fara fitowa. Sai a 2007 Google ya toshe wannan ƙofa.

Ta biyu, irin tambayar da muka yi. Injin yana neman shafukan da suke ɗauke da kalmominmu. Idan mutum ya rubuta "ayyukan alheri na wane", zai sami yabo. Idan ya rubuta "satar da wane ya yi", zai sami zargi. Idan ya tambaya ko wane maƙiyin addininmu ne ko na kabilarmu, lalle ba zai rasa wanda ya taɓa rubuta haka ba. Ta haka mutum yakan shiga bincike da ra'ayinsa, ya fito da shi ya ƙara kauri, yana cewa ai ya bincika.

Ta uku, yawan maimaici. A 2018 jita-jita ta cika intanet cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu, an kawo wani mai kama da shi daga Sudan mai suna Jubril ya zauna a kujerarsa. Maganar ta yi yawa har a watan Disamba na shekarar, yana ziyara a ƙasar Poland, sai da ya fito da bakinsa ya ƙaryata ta. Wanda ya yi bincike a kwanakin nan ya ga shafuka da bidiyo masu yawa a kan batun, amma yawansu bai mai da ƙarya gaskiya ba. A watan Janairu na 2023 kuma, wani binciken BBC ya nuna cewa jam'iyyu a Nijeriya suna biyan masu ɗimbin mabiya a shafukan sada zumunta a ɓoye domin su yaɗa labaran ƙarya a kan abokan hamayya. Dokar Musa ba ta yarda a kama mutum da laifi bisa bakin mashaidi ɗaya ba. Mu lura, shafuka ashirin da suka kwafi magana daga wuri guda, mashaidi ɗaya ne.

Ta huɗu, kwanan wata. Intanet ba ya share tsohon labari idan sabo ya zo, sai su zauna gefe da gefe. Bari mu ɗauki misalin da yawancinmu muka sani. An gurfanar da tsofaffin gwamnonin Filato da Taraba, Joshua Dariye da Jolly Nyame, a gaban kotu a 2007. Kotu ta same su da laifi a 2018. A 2022 aka yi musu afuwa. Wanda ya karanta shafin da aka rubuta a 2010 zai ce zargi ne kawai, wanda ya karanta na 2018 zai ce suna kurkuku. Kowane shafi daidai yake a ranar da aka rubuta shi, amma babu wanda ya ba da cikakken labari shi kaɗai. Haka kuma akwai bambanci tsakanin a ce hukumar EFCC ta gayyaci mutum, da a ce an gurfanar da shi, da a ce kotu ta same shi da laifi. Tsarin Mulki na 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Kanun labarai sukan cakuɗa waɗannan matakai, mai karatu ne zai rarrabe su.

Ta biyar, amsar da na'ura ta rubuta da kanta. Tun da manhajar ChatGPT ta fito a watan Nuwamba na 2022, mutane da yawa suna yi wa manhajojin ƙirƙirarriyar basira tambaya kamar suna magana da masani. Google ma, daga 2024, yakan ɗora taƙaitacciyar amsa irin wannan a saman shafin bincike. Amsar takan zo a tsare, da harshe mai daɗi, ba tare da alamar shakka ba, ko da kuwa kuskure ce. A watan Mayu na 2024 taƙaitawar Google ta gaya wa masu tambaya cewa tsohon shugaban Amurka Barack Obama Musulmi ne, alhali kuwa Kirista ne. Idan na'ura ta yi kuskure a kan mutumin da aka rubuta littattafai masu yawa a kansa, yaya za ta yi da ɗan takarar majalisar jiha a mazaɓarmu? Murya da hoto ma ana ƙirƙirarsu yanzu. A watan Janairu na 2024 an buga wa masu zaɓe waya a jihar New Hampshire ta Amurka da muryar bogi mai kama da ta Shugaba Joe Biden, tana ce musu kada su fita zaɓen fid da gwani.

3. Inda Injin Yake Yin Shiru

Akwai wani rauni da ba a cika maganarsa ba. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 mutum 18 ne suka nemi shugabancin ƙasa, manyan cikinsu kuwa an rubuta shafuka marasa iyaka a kansu. Amma a rana ɗaya aka zaɓi sanatoci domin kujeru 109 da 'yan majalisar wakilai domin kujeru 360. Ga kuma 'yan majalisun jihohi, ga shugabannin ƙananan hukumomi 774 da kansilolinsu. Waɗannan su ne suka fi kusa da rijiyarmu, da makarantar firamarenmu, da ɗakin shan maganinmu, su ne kuma intanet ya fi ƙarancin labarinsu. Sau da yawa abin da za a samu shi ne shafin Facebook na ɗan takarar, da hotunan rabon shinkafa, da rubutun magoya bayansa.

Dalilin a fili yake. Yawancin labaran siyasar ƙasar nan da suke intanet da Turanci aka rubuta su, daga manyan birane, a kan manyan mutane. Mutumin da ya shekara goma yana riƙe da kuɗin ƙungiyar manoma da aminci, mai yiwuwa ko layi ɗaya ba a rubuta a kansa ba. Wanda ya cinye kuɗin gyaran kasuwar ƙauye ma haka. Saboda haka shirun injin bincike ba shaidar tsarki ba ce, ba kuwa shaidar rashin aiki ba.

4. Yadda Za Mu Yi Amfani da Shi Daidai

Duk wannan bai sa mu yar da binciken intanet ba. Ɗan aike ne mai sauri, yana iya kai mu ga takardun da iyayenmu ba su taɓa samun ikon gani ba. Ga matakan da za su taimake mu.

Mataki na ɗaya: mu rubuta tambayoyinmu kafin mu taɓa waya. Mu fara da sanin aikin kujerar. Gwamna shi ne mai riƙe da kasafin kuɗin jiha yana aiwatarwa. Ɗan majalisa kuwa aikinsa yin doka ne, da amincewa da kasafi, da sa ido a kan yadda ake kashe shi. Sa'an nan mu tsara tambayoyi kaɗan. Wane aiki mutumin ya taɓa riƙewa? Me ya bari a wurin? Yaya ya yi da kuɗin da aka damƙa masa? Yaya yake yi da waɗanda ba addininsu ɗaya ko kabilarsu ɗaya ba? Alkawarin da yake yi yana cikin ikon kujerar da yake nema? Mu yi wa kowane ɗan takara tambayoyin nan daidai wa daida. A kasuwa mun san sunan mai saye da babban mudu ya sayar da ƙarami. Kada mu auna namu da mudu ɗaya, na wasu da wani.

Mataki na biyu: mu bi labari zuwa tushensa. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, tana wallafa sunayen 'yan takara na kowace jam'iyya. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta wajabta wa kowane ɗan takara ya miƙa takardar rantsuwa mai ɗauke da bayanan kansa, hukumar ta kafe ta a mazaɓarsa, kowa kuma yana da izini ya biya kuɗi ya nemi kwafinta. Takardun nan suna da nauyi. A ranar 13 ga Fabrairu 2020, ana gobe rantsarwa, Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon a zaɓen gwamnan Bayelsa saboda takardun da mataimakinsa ya miƙa wa INEC. A lura cewa zaɓen ƙananan hukumomi a jihohi, hukumar zaɓe ta jiha ce take shirya shi, can za a nemi bayanin masu neman kansila.

Idan wanda ake aunawa ya taɓa mulki, akwai alƙaluma. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana wallafa rabon kuɗin da jihohi da ƙananan hukumomi suke karɓa daga asusun tarayya. Ofishin kula da basussuka, DMO, yana wallafa bashin da ake bin kowace jiha. Ana iya kwatanta bashin da gwamna ya tarar da wanda ya bari, sa'an nan a tambaya me aka gina da shi, tare da tunawa cewa darajar naira ta sauya cikin shekarun. Ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a 2011, tana sauƙaƙa bayanin kasafin kuɗi, shirinta na Tracka kuma yana bin sawun ayyukan mazaɓu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa ikon rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa.

Mataki na uku: mu nemi masu tantance labari. Akwai ƙungiyoyin 'yan jarida waɗanda aikinsu ke nan, kamar Africa Check da aka kafa a 2012, da Dubawa da aka kafa a 2018, da FactCheckHub. Idan wata magana mai tayar da hankali ta iso, a rubuta ta tare da sunan ɗaya daga cikinsu a gani ko sun riga sun bincika. Idan hoto ne, ana iya sa shi cikin Google Lens a ga inda ya fara fitowa da shekarar da ya fito. Sau da yawa akan tarar hoton wata ƙasa ne, ko na wani tsohon rikici. Idan kuma na'ura ce ta ba da amsa, a buɗe shafukan da ta ce daga nan ta ɗauko, a karanta da ido.

Mataki na huɗu: mu nemi abin da ba ma so mu ji. Wanda zuciyarmu take so, mu nemi sukar da ake yi masa mu karanta har ƙarshe. Wanda ba ma so, mu saurari jawabinsa cikakke daga bakinsa, kada mu tsaya a kan guntun bidiyon da abokan hamayyarsa suka yanko.

Mataki na biyar: mu tafi da ƙafa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Idan shafi ya ce an gina ajujuwa shida a makarantar ƙauyen da yake kusa, a je a ƙirga. A tambayi malamin makaranta ko albashi yana zuwa a kan kari, a tambayi ma'aikaciyar asibiti ko akwai magani, a tambayi 'yan fansho, a tambayi direbobin tasha halin hanya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

5. Rabon Aiki a Cikin Iyali

A gidaje da yawa 'ya'ya ne suka iya waya, iyaye kuwa su ne suka ga zaɓuɓɓuka da yawa, suka san wanda ya yi alkawari a baya da abin da ya biyo. Kowane ɓangare yana bukatar ɗayan. Bari matasa su nemo takardu su karanta wa iyali, su faɗi wanda ya rubuta da ranar da aka rubuta. Bari iyaye su kawo abin da suka gani da ido. Wannan zama makaranta ce ga yaran da ba su kai shekara 18 ba, gama suna koyon yadda ake auna magana kafin a gaskata ta.

Mu kuma yi hankali da abin da muke turawa a zaurukan WhatsApp na iyali, da na zumuntar mata, da na matasa. Dokoki Goma sun hana shaidar zur, dokar kuwa ba ta cire ɗan siyasa ba, ko da wanda ba ma goyon bayansa ne. Wanda ya tura zargin da bai tabbatar ba ya sa hannu cikin shaidar. Bayan an gama tattaunawa, a bar kowa da lamirinsa. Ƙuri'a a asirce ake jefa ta, miji da mata ko uba da ɗa suna iya bambanta a zaɓe su ci tuwo a kwano ɗaya.

Kammalawa

Ƙaunatattu, injin bincike yana kawo mana abin da aka rubuta, a jerin da ma'aunansa suka tsara. Aikin aunawa yana nan a wuyanmu. Mu yi amfani da shi mu kai ga takardar rantsuwa, da kasafin kuɗi, da hukuncin kotu, mu haɗa da abin da idonmu ya gani da shaidar maƙwabta masu gaskiya. Bayan haka kuma mu fita. A 2023 mutane fiye da miliyan 93 ne suke cikin rajistar masu zaɓe, amma ƙuri'un da aka jefa a zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 25 ba. Wanda ya yi bincike mai kyau ya zauna a gida ranar zaɓe ya bar wa wasu su zaɓa masa. A nemo katin zaɓe tun da wuri, a tabbatar da rumfar da za a je.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Da waɗanne ma'aunai injin bincike yake jera amsoshinsa? Me ya sa amsar da take sama ba lalle ne ta zama mafi gaskiya ba?
2. Mene ne bambanci tsakanin gayyata, da gurfanarwa, da samu da laifi?
3. Waɗanne 'yan takara ne a mazaɓarmu ba za mu sami labarinsu a intanet ba? Su wa za mu tambaya?
4. Me ya kamata mu yi idan wani ya turo zargi a kan ɗan takara a zauren iyali?

Aikin Gida

A ɗauki takarda a raba ta gida-gida, kowane ɗan takarar kujera ɗaya da gidansa. A rubuta tambayoyi biyar na mataki na ɗaya a gefe. A ƙarƙashin kowace amsa a rubuta inda aka samo ta da kwanan watanta. Gidan da ba a sami amsa ba a bar shi fari, a sa wani cikin iyali ya je ya tambayo kafin zama na gaba.